Ina son karatuna, amma kullum sai in ce sai gobe

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a shekara ta uku a jami'a. Tun daga firamare har na gama sakandare ban taɓa sauka daga sahun gaba a aji ba, domin Babanmu mutum ne mai tsanani a kan karatu. Bai taɓa dukana ba, amma idan na zo ta biyu tambayarsa ɗaya ce, wa ya zo na ɗaya, daga nan sai ya ɗauke mini wuta na kwanaki. Shi yake tsara mana lokacin karatu da na barci, kuma ba a tambayarsa dalili. Mama takan ce in yi haƙuri, haka halinsa yake. Da na shigo jami'a sai komai ya juye. Idan malami ya ba da aiki nakan yi niyyar farawa a ranar, amma da na buɗe littafi sai gabana ya faɗi, in ɗauki waya, in ce sai gobe, har daren ranar miƙawa ya zo in kwana ina rubutu ina kuka. A zangon da ya wuce na faɗi kwas ɗaya, kuma har yau ban gaya wa kowa a gida ba. Kullum ina zagin kaina, ina ce wa kaina malalaciya, marar amfani, mai cin amanar iyaye. Wata ƙawata ta ce in riƙa tausaya wa kaina, amma ni ina ganin idan na sassauta wa kaina shi ke nan na lalace. Malama, tarbiyyar Baba ce ta jawo mini wannan, ko kuwa lalacina nake neman wanda zan ɗora wa? Kuma in gaya masa batun kwas ɗin, ko in rufe? Daga 'yarki, wata ɗaliba.

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki a natse, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne daren nan da kike kwana kina rubutu kina kuka. Malalaci ba ya kuka a kan aikin da bai yi ba, barcinsa yake yi hankali kwance. Wadda ta damu da karatunta har gabanta yake faɗuwa idan ta buɗe littafi, matsalarta tana wani wuri dabam, kuma sunan da kika laƙaba wa kanki yana hana ki ganin wurin. Ki kuma sani cewa abin da ke damunki ya zama ruwan dare a jami'o'in duniya. A 2007 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Piers Steel ya tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan jinkirta aiki, ya kawo ƙiyasin cewa ɗalibai 80 zuwa 95 cikin 100 suna ɗage aikin karatunsu, kuma kusan rabinsu abin ya zame musu jiki har yana cutar da su. Na kawo wannan ne don ki daina kallon kanki a matsayin wata ɓatacciya ita kaɗai a cikin aji, alhali da yawa daga waɗanda ke zaune kusa da ke irin daren da kike kwana suke kwana.

Bari mu duba abin da ke faruwa a cikin 'yan daƙiƙun nan tsakanin buɗe littafi da ɗaukar waya, domin nan ne gaɓar. Masana biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun bayyana a 2013 cewa jinkiri hanya ce da mutum ke bi don ya gyara yanayin zuciyarsa a nan take, ko da kuwa zai biya da tsada daga baya. Aikin yana tayar da wani abu mai ɗaci, ko tsoro, ko kunya, ko shakkar kai, sai mutum ya kauce wa aikin, ɗacin ya lafa, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙe cewa kaucewa tana kawo sauƙi. Gobe idan ya dawo, ɗacin ya ƙaru da nauyin laifin jiya, sai kaucewar ta ƙara zama abin sha'awa. An ga inda wannan ke kaiwa tun a 1997, lokacin da Dianne Tice da Roy Baumeister suka bi ɗalibai tsawon zangon karatu, suka tarar masu jinkiri sun fi sauran kwanciyar hankali a farkon zango, amma a ƙarshensa sun fi kowa damuwa da rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. To ke me kike gudu idan kika ɗauki waya? Daga wasiƙarki amsar a fili take. Kowane aiki da malami ya ba ki yana zuwa miki da tsohuwar tambayar nan ta wa ya zo na ɗaya, da kuma shirun kwanakin da ke biyo bayanta.

Wannan ya kawo mu ga Baba. A shekarun 1960 Diana Baumrind ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta yi nazarin yadda iyaye ke riƙon 'ya'yansu, ta raba shi gida uku, daga baya kuma a 1983 Eleanor Maccoby da John Martin suka ƙara na huɗu. Abubuwa biyu ake aunawa: yawan abin da iyaye ke buƙata daga yaro, da yawan jansa a jiki da sauraronsa. Akwai masu tsanani ba tare da bayani ko tausasawa ba, akwai masu sakin fuska ba tare da ƙa'ida ba, akwai waɗanda suka yi sakaci da duka biyun, sannan akwai masu haɗa ƙa'ida mai ƙarfi da jan yaro a jiki, su faɗi dalili, su saurari uzuri, su bar wa yaro wani fili da zai yanke shawara da kansa. 'Ya'yan wannan rukuni na ƙarshe su ne aka fi samu da iya tafiyar da kansu. Abin da kika bayyana game da gidanku ya fi kama da rukunin farko. A 1994 Joseph Ferrari da Michael Olivette sun yi nazari a kan 'yan mata ɗalibai, suka samu cewa waɗanda suka bayyana ubanninsu da irin wannan tsanani sun fi jinkirin yanke shawara da guje wa aiki. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa a tsakanin mutane masu yawa, ba hukunci yake yankewa a kan kowane gida ba, shi ya sa za ki ga 'yan gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, wani ya fito mai jinkiri wani bai fito ba. Halin da aka haifi mutum da shi, da saurin ɗaukewar hankali, da wayar da ke hannu, duk suna da nasu kason.

Amma a fahimtata, tarbiyyar ta bar miki abubuwa biyu. Na farko shi ne giɓi. Tsawon shekaru wani ne ke yanke miki lokacin farawa da na tsayawa, don haka ba ki samu damar koyon fara aiki da kanki ba, kamar yaron da kullum ake riƙe masa keke, ranar da aka saki hannu sai ya yi tangaɗi, ba don ƙafarsa ba ta da ƙarfi ba. Jami'a ta saki hannun a rana ɗaya. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, kin taso kina ganin cewa fara'ar Baba tana rataye ne da sakamakonki. Yarinyar da ta koyi haka, duk jarrabawa sai ta zame mata shari'a a kan darajarta, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya yi ta ɗage ranar da za a yanke masa hukunci. Akwai ma wata kariya a ɓoye cikin aikin daren ƙarshe: idan makin ya yi ƙasa, zuciya tana da abin faɗa, wato lokaci ne bai isa ba, ba a gwada iyakar ƙoƙarina ba. Kalmomin da kike jifan kanki da su kuwa, ki lura cewa Baba bai ma taɓa furta su ba. Shiru ya yi, ke kuma tun kina ƙarama kika cike shirun da mafi munin fassara, kika tafi da ita jami'a.

Duk da haka ba zan ba ki shawarar ki ɗora wa mahaifinki laifin kwas ɗin nan ba, kuma ba na jin kina son haka. Uban da ke zama ya duba sakamakon 'yarsa, ya tsara mata lokaci, ya damu da matsayinta a aji, uba ne da ya ɗauki iliminta da muhimmanci, kuma akwai 'ya'ya da yawa da ba su samu ko rabin wannan kulawa ba. Mai yiwuwa shi ma haka aka riƙe shi, mai yiwuwa kuma tsoron kada ki wahala a rayuwa ne yake fitowa a siffar tsanani, domin iyaye da yawa ba su san wata hanyar nuna tsoronsu ba sai wannan. Niyyarsa mai kyau ce, hanyarsa ta bar tabo, kuma duka maganganun biyu gaskiya ne a lokaci guda. Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce, tarbiyyar tana da hannu wajen yadda abin ya samo asali, amma gyaran yanzu a hannunki yake, kuma ba ya jiran sai Baba ya canja. Mama ma ki yi mata adalci. Haƙurin da take ba ki bai magance komai ba, amma ya nuna cewa tana ganin abin da ke faruwa, kuma za mu dawo kanta.

Yanzu ga maganar ƙawarki, wadda nake ganin ta fi ki gaskiya a nan. Na fahimci tsoronki sarai, domin duk nasarar da kika samu a baya a ƙarƙashin tsoro kika same ta, shi ya sa kike zaton tsoron ne ginshiƙin. Amma ki yi wa kanki tambaya ta gaskiya: zagin da kike yi wa kanki tun da kika shigo jami'a, ya taɓa sa ki fara aiki da wuri ko sau ɗaya? Idan da yana aiki, da ba ki rubuto mini ba. Abin da yake yi shi ne ƙara wa littafin ɗaci, ɗacin kuma shi ne abin da kike gudu tun farko. Kristin Neff ta Jami'ar Texas da ke Austin, wadda ta fara auna tausaya wa kai a 2003, ta ce abubuwa uku ne suka haɗu a cikinsa: mutum ya yi wa kansa magana mai taushi idan ya yi kuskure, ya tuna cewa gazawa abu ne da kowane ɗan'adam ke tarayya a ciki, sannan ya kalli abin da ke masa zafi yadda yake, ba tare da ya musa shi ko ya nutse a cikinsa ba. Babu inda aka ce a rage buri ko a ƙi amsa laifi. A 2014 Sirois ta yi nazari a kan mutum sama da 700, akasarinsu ɗalibai, ta samu cewa masu yawan jinkiri sun fi ƙarancin tausaya wa kansu, kuma wannan ƙarancin yana bayyana wani ɓangare na damuwar da suke fama da ita.

Binciken da ya fi dacewa da halinki shi ne wanda Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett suka yi a 2010 a Jami'ar Carleton da ke Kanada. Sun bi ɗaliban shekarar farko fiye da 100 tsakanin jarrabawa biyu na tsakiyar zango, suka ga cewa waɗanda suka yafe wa kansu jinkirin da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage jinkiri kafin ta biyu, saboda yafiyar ta rage musu ƙuncin da suke ji game da kwas ɗin. Haka kuma a 2012 Juliana Breines da Serena Chen sun ba ɗalibai gwaji mai wuya, aka yi wa wasunsu magana ta tausasawa bayan sun gaza, sai aka ga sun fi daɗewa suna karatu kafin gwaji na biyu. Lalacewar da kike tsoro ba ita aka gani ba. Wanda ya san cewa idan ya faɗi ba za a wulaƙanta shi ba, ya fi ƙarfin halin sake gwadawa. Ashe abin da ya kamata ki koya shi ne ki riƙe kanki irin riƙon rukunin iyayen nan masu haɗa ƙa'ida da tausasawa. Tsananin kin riga kin iya shi fiye da kima, sakin jiki kuma shi ne wayar, kuma tsakanin waɗannan biyun kike ta kai da komo.

Ga yadda za ki fara. Idan kika zauna gabanki ya faɗi, kada ki tashi nan take, ki faɗa wa kanki a zuci abin da kike ji da sunansa, cewa tsoro ne, sannan ki yi wa kanki maganar da za ki yi wa ƙanwarki da a ce ita ce ta zo miki a wannan hali. Na tabbata ba za ki ce mata marar amfani ba. Za ki ce mata abin yana da wuya, an yi jinkiri, amma bari mu fara da shafi ɗaya. Da farko za ki ji maganar tamkar ta aro, domin tsohuwar muryar ta daɗe a wurin, amma maimaitawa ce ke sa ta zauna. Bayan haka ki ƙanƙanta matakin farko har ya zama ba abin tsoro ba: minti 10 na karanta tambayar da rubuta duk abin da ya zo miki, da izinin ya fito da muni, domin rubutu marar kyau ana gyara shi, farar takarda kuwa babu abin gyarawa a cikinta. Kuma ki daina niyya a dunƙule irin ta zan yi karatu gobe. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika, don haka ki ce idan na fito daga lacca ta farko ranar Talata zan wuce ɗakin karatu in rubuta gabatarwa. Wayar ta zauna a jaka a kashe, ko a hannun ƙawarki, na tsawon zaman. Ita ƙawar nan taki ma ki roƙe ta ku riƙa zama tare a lokaci tsayayye kowa yana nasa aikin, domin hakan zai maye miki gurbin sa-idon da kika saba da shi ba tare da tsoron da ke cikinsa ba. Ranar da kika karya tsarin, kuma za a samu irin wannan rana, ki ce na yi jinkiri yau, na yafe wa kaina, sannan ki sa sabon lokaci kafin ki kwanta.

Batun kwas ɗin da kika faɗi kuwa, kada ki bar shi cikin duhu, domin abin da aka ɓoye girma yake yi a zuciya. A wannan makon ki je wurin malamin da ke ba ɗaliban ajinku shawara, ki tambayi yaushe za a maimaita kwas ɗin, yadda zai shafi jimillar makinki, da ko zai taɓa lokacin kammalawarki. Malamai sun saba ganin ɗalibai masu ƙwazo sun yi tuntuɓe, kuma sun fi iya taimakon wanda ya zo da wuri. Ina kuma so ki lura da lafiyarki. Idan kin yi makonni biyu ko fiye kina cikin baƙin ciki kusan kullum, barci ko cin abinci ya rikice, abubuwan da kike so sun daina yi miki daɗi, ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki je asibitin makaranta ko sashen ba ɗalibai shawara ba tare da ɓata lokaci ba, domin ciwon damuwa da matsanancin fargaba sukan fito da fuskar jinkiri, kuma ana maganinsu. Haka ma idan kin lura cewa tun kina ƙarama tattara hankali yana yi miki wuya a duk inda babu mai sa ido, ki faɗa wa likita.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ko ki gaya wa Baba. Ra'ayina shi ne ki gaya masa, domin ɓoyewar da kanta tana cin ƙarfin da kike buƙata don karatu, kuma idan ya ji daga baya ta wata hanya, ɓoyewar za ta fi faɗuwar yi masa ciwo. Sai dai ki bi tsari. Ki fara da ganin malamin nan don ki je da bayani a hannu, sannan ki zauna da Mama ki gaya mata komai, har da kukan dare, domin ta fi ki sanin lokacin da mijinta ke saurare, kuma tana iya share miki hanya. Idan kika zo gaban Baba, kada ki buɗe shafin tarbiyya, wannan zance ne na wani lokaci idan ma ya zama dole. Ki ce masa, Baba, na faɗi kwas ɗaya saboda ban tsara lokacina da kyau ba, na ga malamina, zan maimaita a zango kaza, ga kuma abin da na canja, ina neman addu'arka. Idan fuskantarsa ta yi miki nauyi, ki rubuta masa, ko ki nemi wani babba da yake jin maganarsa ya kasance a wurin. Mai yiwuwa ya yi shirun da ya saba, kuma idan ya yi, ki bar shi da shirunsa na 'yan kwanaki, ki ci gaba da gaishe shi yadda kika saba, ki kuma ci gaba da zuwa ɗakin karatu a lokacin da kika tsara. Idan kuwa kina da dalilin jin tsoron cewa labarin zai sa a cire ki daga makaranta, to ki tsaya ga Mama da wannan babban tukuna, ku yanke lokacin tare, ko da zai kai bayan kin sake rubuta jarrabawar.